Da Luwis na Bakwai Ya Zauna a Coci, Wa Zai Auri Elinor?

Mai tambaya ya ce ya karanta cewa Luwis na Bakwai, wanda ya mulki Faransa daga 1137 zuwa 1180, aikin coci aka shirya masa tun yana yaro, sarauta kuwa tsautsayi ne ya jefo masa ita. Yana son sanin abin da zai canza a tarihin Turai da yaron ya bi hanyar da aka ɗora shi a kai, bai hau gadon mulki ba.

Amsata a taƙaice ita ce, shigar Luwis coci ba za ta raba shi da iko ba, domin a ƙarni na 12 ɗan sarkin da ya zama bishop basarake ne mai gari da haraji da mayaƙa. Inda canjin gaske yake shi ne auren wata yarinya mai suna Elinor, magajiyar ƙasar Akwiten, da kuma ko za ta haifa wa gidan sarautar Faransa ɗa namiji. Duk sauran abin da za a iya hasashe daga nan ya taso.

Luwis na Shida, wanda ake wa laƙabi da Mai Ƙiba, yana da babban ɗa mai suna Filib, an haife shi a 1116. A bisa al'adar gidan Kafe, da ke kan mulki tun 987, uba yakan sa a naɗa magajinsa tun yana raye don kada manyan hakimai su sami kafar jayayya bayan rasuwarsa, saboda haka aka naɗa Filib a birnin Reims a 1129. Ranar 13 ga Oktoba 1131 yaron yana kan doki a Paris sai wani alade ya kutsa tsakanin ƙafafun dokin, dokin ya kife da shi, bai kuma tashi daga wannan faɗuwa ba. Suger, shugaban gidan ruhubanawa na Saint-Denis kuma babban mashawarcin sarki, da ya zo rubuta labarin sai ya kira dabbar aladen Shaiɗan. Kwana goma sha biyu bayan haka, ranar 25 ga Oktoba, Fafaroma Innocent na Biyu, wanda rikicin kujerarsa ya koro daga Roma yake zaune a Faransa, ya shafa wa ƙanen mamacin man naɗi a Reims. Ƙanen shi ne Luwis, yaro ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya, da aka ɗauko daga makarantar babban cocin Notre-Dame. Ke nan hasashen da ake nema a yi mai sauƙin furtawa ne: aladen ya bi wata hanya, Filib ya rayu ya gāji ubansa, Luwis ya ci gaba da karatunsa.

Ba sai mun yi dogon zato a kan irin rayuwar da zai yi ba, domin ƙanensa Henri ya yi ta a gaban idon kowa. Da Luwis ya koma magaji, Henri aka tura coci, aka tara masa shugabancin cocin sarauta da dama tun bai gama girma ba, yana cin kuɗin shigarsu. Wajen 1146 ya ajiye su duka ya shiga gidan ruhubanawa na Clairvaux ƙarƙashin Bernard, malamin da babu mai faɗa a ji kamarsa a Turai ta lokacin. Bai daɗe a can ba aka fito da shi aka ba shi kujerar bishop na Beauvais a 1149, sannan a 1162 ya zama babban bishop na Reims, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1175. Wannan kujera ta Reims ita ce mai alfarmar naɗa sarkin Faransa, mai ita kuma shi ne ubangidan birnin a sha'anin shari'a da haraji. Henri ya yi rigima da manyan Beauvais har ta kai shi ga saɓani da yayansa sarki, kuma a 1167 mutanen Reims suka yi masa tawaye, sai da ya nemo mayaƙa daga Flanders. A tsallaken ruwa ma haka abin yake. Henri na Blois, jikan Wiliyam Mai Nasara, ruhubani ne da aka rena a gidan ruhubanawa na Cluny, ya zama bishop na Winchester a 1129, ya gina ganuwoyi, ya taimaka wa ɗan'uwansa Stephen ya hau gadon Ingila a 1135, a 1141 kuma ya juya masa baya na ɗan lokaci ya karɓi abokiyar hamayyarsa Matilda. Wanda ya ɗauka cewa tura ɗan sarki coci jefa shi a lungu ne, bai duba rayuwar waɗannan biyu ba.

Abu ɗaya coci ke ƙwacewa daga hannun yarima, shi ne zuriya. A ƙasar Hausa ɗan sarkin da ya rungumi malanta yakan yi aure ya haihu, 'ya'yansa kuma su shiga neman sarauta kamar kowa, don haka mai karatu na iya mamakin yadda karatu zai fitar da mutum daga layin gado. A cocin Roma na wancan zamani ana tsananta hana limamai aure, har babban taron Lateran na 1139 ya yanke cewa auren da limami ko ruhubani ya ɗaura ba aure ba ne. Amfanin tsarin ga gidan sarauta a fili yake: ɗan yana ci daga dukiyar coci ba tare da an yanka masa yanki daga ƙasar uba ba, idan ya mutu kuma babu 'ya'yan da za su taso su ce a ba su rabonsu. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ruf ba. A Aragon, da sarki Alfonso ya mutu babu ɗa a 1134, manyan ƙasar suka fito da ɗan'uwansa Ramiro daga gidan ruhubanawa, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya Petronila a 1136, ya yi mata baiko da mai Basalona a 1137, ya miƙa wa surukin mulki ya koma ibadarsa. Da Filib ya rayu amma ya mutu ba magaji, abin da zai hana a yi wa Luwis irin wannan shi ne akwai ƙannensa Robert da Peter da ba su shiga coci ba.

A ganina Luwis zai fi Henri dacewa da rigar. Shaidar waɗanda suka san shi ta haɗu a kan cewa mutum ne mai yawan ibada, mai sauƙin kai, marar son ƙawa. Walter Map, ma'aikacin fadar Ingila, ya ruwaito cewa Luwis ya taɓa lissafa masa arzikin sarakunan duniya, ya ce sarkin Ingila ba ya rasa komai na mutane da dawakai da zinariya da alharini, su kuwa a Faransa ba su da komai sai gurasa da ruwan inabi da fara'a. Irin wannan mutum zai iya ƙarewa a kujerar Reims ko ta Paris, ko kuma ya yi abin da ƙaramin ƙanensu, shi ma mai suna Filib, ya yi a 1159, lokacin da aka zaɓe shi bishop na Paris ya janye ya bar wa masanin tauhidi Peter Lombard.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. A watan Afrilu 1137 Wiliyam na Goma, mai Akwiten, ya mutu a wajen ziyarar ibada a Santiago de Compostela, bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyu, babbar ita ce Elinor. Ƙasar da ta gada ta taso daga kusa da kogin Loire har duwatsun Pyrenees, ta kuma fi abin da sarkin Faransa ke riƙe da shi kai tsaye girma nesa ba kusa ba, domin ikonsa na haƙiƙa bai wuce kewayen Paris da Orléans da Bourges ba, sauran manyan hakimai caffa kawai suke yi masa da baki. Luwis Mai Ƙiba yana kwance rai a hannun Allah, amma bai yi sanya ba, ya tura magajinsa Bordeaux aka ɗaura aure ranar 25 ga Yuli, shi kuma ya cika ranar 1 ga Agusta. Wannan aure na kujera ne, duk wanda ke matsayin magaji shi zai same ta. Da Filib na raye kuma ba a riga an yi masa mata ba, shi ne ango, yana gab da cika shekara ashirin da ɗaya. Na ce ba a riga an yi masa mata ba da gangan, domin nan ne hasashen ya fi rauni: magajin da aka naɗa tun 1129 zai yi wuya a bar shi gwauro har 1137. Da yana da mata, tsohon sarki zai shiga tsaka mai wuya, ko ya aura wa Elinor ɗaya daga ƙananan 'ya'yansa da ba su balaga ba, ko ya zare Luwis daga coci tun bai kai matakin da aure ke haramta gare shi ba. A wannan hali na biyu Luwis ɗin dai ne zai auri Elinor, sai dai a matsayin mai Akwiten, ba sarki ba, abin da masu irin wannan hasashe kan manta.

Mu ɗauka Filib ne ya aure ta. A tarihin gaske auren Luwis da Elinor ya yi shekara goma sha biyar, ya ba da 'ya'ya mata biyu, Marie da Alix. An ruwaito cewa Elinor ta koka cewa ruhubani ta aura, ba sarki ba. Zamansu ya tsage a Antakiya a 1148, lokacin yaƙin Salibiyya na biyu, inda ta goyi bayan baffanta Raymond, mai mulkin birnin, a kan shawarar yaƙi har aka yi ta tsegumi a kansu. Fafaroma Eugenius na Uku ya sulhunta su a 1149, ya hana a sake tayar da zancen kusancin jininsu, amma da haihuwa ta biyu ta zo mace, Suger mai hana rabuwar kuma ya mutu a farkon 1151, sai taron bishop-bishop a Beaugency ya warware auren a watan Maris 1152 bisa hujjar zumunta ta jini, tunda dukansu zuriyar sarki Robert na Biyu ne. Ba a cika wata biyu ba, ranar 18 ga Mayu, ta auri Henri mai Anju da Nomandi a Poitiers, saurayi ɗan shekara goma sha tara, wanda a 1154 ya zama Henri na Biyu na Ingila. Ta haifa masa maza biyar da mata uku.

Abin lura shi ne hujjar zumuntar nan za ta hau kan Filib daidai yadda ta hau kan Luwis, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hujjar makami ce da ake ajiyewa a kube, ana zaro ta ne idan babu ɗa namiji. Shi kansa Henri na Anju dangin Elinor ne, ba wanda ya tayar da zancen bayan maza sun fara zuwa. Saboda haka tambayar duka ta koma kan ɗakin haihuwa. Idan aka yi la'akari da cewa Luwis ya yi aure uku, ya jera mata huɗu kafin ya ga namiji a 1165, shekara ashirin da takwas bayan aurensa na fari, Elinor kuwa ta haifi namiji cikin shekara ɗaya da 'yan watanni da sabon miji, ba laifi a ce da wani mijin ne tun farko da wuya a kai ga Beaugency. Ɗa namiji ɗaya ya isa ya ɗaure Akwiten ga gidan Kafe.

Sai dai ina jan kunnen mai tambaya kada ya zaci hakan na nufin Faransa za ta dunƙule tun a ƙarni na 12. Akwiten ba ƙasa ce mai sauƙin riƙo ba. Masu ganuwoyin Poitou da Limousin da Angoulême, irin gidan Lusignan, sun saba yin abin da suka ga dama, kuma a shekara goma sha biyar da Luwis ya yi yana amsa sunan mai ƙasar bai tankwara su ba. Henri na Biyu, duk ƙarfinsa da dukiyarsa, ya sha tawayensu, ɗansa Richard kuma ya ƙare ƙuruciyarsa yana rusa ganuwoyinsu, har kibiyar da ta yi ajalinsa a 1199 daga ganuwar Châlus ta fito, a cikin Limousin. Bayan haka, da Elinor ta haifi maza biyu ga Filib, abin da ya fi kama da halin zamanin shi ne a ba na biyun gadon uwarsa, kamar yadda ita da kanta ta tsaya wa Richard. Faransa ta san ƙarshen irin wannan rabo, domin Burgundy ma ƙanen sarki aka ba a 1032, zuriyarsa ta riƙe ta sama da shekara ɗari uku tana cin gashin kanta.

Ta ɓangaren Ingila kuwa, rashin Elinor ba zai hana Henri sarauta ba. Ubansa Geoffrey ya gama cin Nomandi tun 1144, haƙƙinsa a Ingila ta wajen uwarsa Matilda ya zo, manyan ƙasar sun gaji da yaƙin basasa, Eustace ɗan sarki Stephen kuma ya mutu a 1153. Matsalar sarkin Ingila da yake talakan sarkin Faransa a kan Nomandi ta samo asali tun 1066, za ta kuma ci gaba. Abin da zai canza shi ne siffar rikicin. Maimakon sarkin Paris ya tsinci kansa a gaban mutumin da ke riƙe da duk yammacin Faransa daga bakin tekun arewa zuwa iyakar Sifen, Henri ne zai ga Anju ɗinsa a matse tsakanin ƙasar sarki ta gabas da Poitou ta kudu. Idan aka dubi nesa, Gascony, guntun Akwiten da ya rage wa Ingila bayan ta rasa Nomandi a 1204, ita ce Henri na Uku ya yi caffa a kanta a yarjejeniyar Paris ta 1259, ita ce Filib na Shida ya ƙwace a 1337 aka buɗe Yaƙin Shekara Ɗari, kuma a can aka rufe shi a Castillon a 1453. Ba na cewa ƙasashen biyu za su zauna lafiya, amma wannan yaƙin da wannan dalilin ba zai auku ba.

Akwai kuma mutanen da ba za a haifa ba, kuma a nan ne nake ganin asarar Faransa za ta iya fin ribarta. Babu Richard, wanda ya kara da Salahuddin a Akka da Arsuf a 1191. Babu John, wanda harajin da ya tatsa don ƙwato ƙasashensa na Faransa, da kayen da abokan ƙawancensa suka sha a Bouvines a 1214, suka tunzura manyan Ingila har suka tilasta masa Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215. Amma kuma babu Filib Ogustus, ɗan Luwis da matarsa ta uku Adela ta Champagne, wanda saboda daɗewar jiransa aka yi masa laƙabi da Kyautar Allah. Shi ne ya ƙwace Nomandi da Anju, ya kafa wakilan sarki masu albashi a larduna, ya mai da gidan Kafe mafi ƙarfi a yammacin Turai. Barazanar da sakin Elinor ya haifar ita ta wasa shi, rigingimun 'ya'yanta da ubansu da junansu kuma su suka ba shi kafa. Shi kuwa Filib yayan Luwis, ɗan abin da aka rubuta game da halinsa ba mai kwantar da hankali ba ne, domin Walter Map ya siffanta shi da girman kai da ƙin jin maganar ubansa har ya zame wa mutane kaya, ko da yake yaro ne ɗan shekara goma sha biyar, Map kuma ya rubuta ne shekaru da yawa bayan mutuwarsa.

Game da yaƙin Salibiyya na biyu ba na ganin babban sauyi. Imaduddin Zangi ya ƙwace birnin Ruha (Edessa) daga hannun 'yan Salibiyya a watan Disamba 1144, Fafaroma ya yi kira a ƙarshen 1145, Bernard ya yi wa'azinsa a Vézelay a 1146, Conrad na Jamus ma ya fita. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya rataya a wuyan Luwis. Otto na Freising, bishop ɗin da ya halarci yaƙin, har cewa ya yi Luwis ya ƙudurta zuwa Ƙudus ne don cika alwashin da yayansa Filib ya ɗauka bai samu cikawa ba. Idan haka ne, Filib ma zai fita. Abin da za a iya tambaya shi ne ko zai karɓi shawarar Raymond ta a fuskanci Halab, cibiyar Nuruddin ɗan Zangi, maimakon kewaye Dimashƙa da aka yi a watan Yuli 1148 aka watse cikin kwana huɗu. Ko da ya karɓa, rundunar ta riga ta karye a tsaunukan Anatoliya tun kafin ta isa Antakiya.

Wani abin da nake so mai tambaya ya riƙe shi ne cewa renon coci bai hana Luwis faɗa da coci ba. A 1141 ya ƙi amincewa da Pierre de la Châtre a kujerar babban bishop na Bourges, ya rantse ba zai bar shi shiga birnin ba, har Fafaroman da ya naɗa shi ya sa masa takunkumin ibada. Rigimar ta haɗe da ta auren Petronila ƙanwar Elinor da Raoul na Vermandois, ta zama yaƙi da Theobald mai Champagne, kuma a Vitry sojojinsa suka cinna wa gari wuta, cocin da mutane suka fake a ciki ya kama, sama da mutum dubu suka ƙone. Wannan ta zauna masa a zuciya. Luwis na bayan Vitry da Dimashƙa da Beaugency wani mutum ne daban: ya shelanta zaman lafiya na shekara goma a Soissons a 1155, ya ba Fafaroma Alexander na Uku mafaka a Sens, ya kare Thomas Becket, babban bishop na Canterbury, shekara shida daga fushin Henri na Biyu, kuma da wannan ya jawo bishop-bishop da gidajen ruhubanawa na nesa suna neman kariyar sarkin Paris a wuraren da a da ba a jin sunansa. A 1179, da ɗansa tilo ya kwanta ciwo gab da naɗinsa, ya haye teku da tsufansa ya je kabarin Becket a Canterbury ya yi roƙo.

Luwis ya rasu ranar 18 ga Satumba 1180. Ba a kai shi Saint-Denis inda ubansa da yayansa Filib suke kwance ba. A Barbeau aka binne shi, gidan ruhubanawan Cistercian da shi ya kafa a gefen kogin Seine. Wannan ya sa ƙasusuwansa suka tsira lokacin da 'yan juyin juya hali suka tone kaburburan sarakuna a 1793, sai a 1817 aka ɗauke su aka kai Saint-Denis.